Yadda na raba soket ɗin motata da makulli

Daren da tunanin wannan aiki ya fara zuwa mini, ina zaune ne a cikin mota a ƙofar gida, inji a kashe, makulli a murɗe zuwa mataki na farko, wayoyi uku kuma suna caji a kan kujerar gefe: tawa, da ta maiɗakina, da ta wani maƙwabcinmu da ya leƙo ya ce in taimaka masa. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, mun shiga mako na biyu babu wuta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 ba kowane dare nake iya tayar da janareta don cajin waya kawai ba. Motar tawa Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, kuma kamar yawancin motocin Japan, soket ɗinta na gaba, wato ramin nan da aka ƙera tun asali don abin kunna sigari, ba ya ba da wuta sai an murɗa makulli. Makullin yana da matakai huɗu da aka rubuta a jikin gidansa, LOCK da ACC da ON da START, kuma ba ya zaruwa sai a matakin LOCK. Ma'anar wannan ita ce duk wanda yake son cajin waya dole ya bar makulli a jikin mota, wanda kuma ya bar makulli a jikin mota a Kano dole ya zauna gadinta, sauro yana cizonsa har wayoyin su cika.

Kafin in taɓa komai sai da na fahimci cewa wuta iri biyu ce take yawo a cikin kowace mota. Akwai wadda take zuwa daga batir kai tsaye ba ta ɗaukewa ko da makulli yana cikin aljihu, ita ce take riƙe da hon, da fitilar birki, da fitilar rufi, da ƙwaƙwalwar agogo. Akwai kuma wadda sai ta bi ta makulli, kamar ta rediyo da ta soket. Jamusawa sun ba waɗannan layuka lambobi da har yau ake ganinsu a ƙasan rile, wato ɗan makunnin da wuta ce take kunna shi, da jikin zanen wayarin: 30 ita ce wutar batir ta dindindin, 15 ita ce wadda take zuwa idan an kunna mota, 31 kuma ita ce hanyar komawa ta jikin ƙarfen mota. Saboda haka abin da ake nufi da sa soket ya zauna a kunne bai wuce a cire shi daga layin makulli a mayar da shi kan layin batir ba. Ba duk kamfanoni ne suke ɗora shi a kan makulli ba. Motocin Amurka da yawa suna barin nasu a kunne tun daga masana'anta, a wasu motocin Jeep da Dodge ma ana zana hoton makulli ko na batir a kan murfin soket don a san irin wutar da yake sha, wasunsu kuma matsar da fiyus ɗaya daga wani gurbi zuwa na kusa da shi ya isa ya sauya tsarin. Wanda yake da irin waɗannan motoci ya fara duba littafin motarsa, domin wataƙila ba ya bukatar yanke waya ko guda.

Ni tawa ba ta da wannan sauƙi, sai na kai ta wurin wani matashi mai wayarin a bakin titi, wanda ya saurare ni rabi da rabi ya ce, "Oga, ai wannan aikin minti goma ne." Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari inda akwatin fiyus yake, ya yi ta taɓa ƙafafun fiyus da testa har ya sami wanda ƙwan yake kamawa ba tare da makulli ba, sannan ya naɗa wata siririyar waya a ƙafarsa, ya kai ɗaya bakin ga wayar soket, ya rufe da solatif. Soket ya kawo wuta, amma da muka zare makulli sai rediyo ya ci gaba da magana. Dalilin, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne sabuwar wutar ba a soket kaɗai ta tsaya ba; ta bi tsohuwar waya ta koma baya, ta ratsa fiyus ɗin soket, ta shiga layin ACC, wato na makulli, gaba ɗaya, ta tayar da duk abin da yake rataye a kansa. Yaron bai tsaya dogon nazari ba, ya zare fiyus ɗin soket, wanda aka rubuta CIG a gurbinsa, shuɗi mai amfiya 15, ya miƙo mini ya ce in ajiye. Rediyo ya yi shiru, na biya shi, na tafi ina ganin kakata ta yanke saƙa.

Kusan wata biyu abin yana tafiya yadda nake so. Da magariba in jona wayoyi, in sa su cikin akwatin da ke tsakanin kujeru, in kulle mota in shiga gida. Sai tafiyar Sallah ta taso, muka bi motar haya zuwa Katsina muka bar tawa a gida har kwana tara. Ranar da muka dawo na murɗa makulli, fitilun dashbod suka kawo dishi-dishi, sitata ta yi ƙas-ƙas sau biyu ta yi shiru. Motar otomatik ce, ba irin wadda yaran unguwa za su tura ta tashi ba, sai da maƙwabcin nan nawa ya kawo tasa muka haɗa batir da batir. Da na duba soket sai na ga 'yar na'urar nan da take haɗa waya da rediyo ta Bluetooth tana nan a cuse, ƙaramar fitilarta shuɗiya tana ci. A da, makulli ne yake kashe mini ita kullum ba tare da na sani ba, har na manta cewa abu ne mai shan wuta.

Wannan ne ya kai ni wurin wani dattijo mai wayarin da abokan aikina suka daɗe suna yabo, mutum ne marar gaggawa, wanda ba ya fara aiki sai ya ɗauko mita. Ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya cire kan batir mai alamar ragewa, ya sa mita tsakanin kan batir da wayarsa, sannan ya ce mu jira 'yan mintuna kwamfutar mota ta yi barci. Da na'urar tana jone mitar ta tsaya a wajen miliamfiya 120, da ya zare ta kuma ta sauko zuwa wajen 30, wanda ya ce daidai ne, domin mota irin wannan idan tana ajiye bai kamata ta wuce miliamfiya 50 ba. Sai ya ce, "Malam, kai ne ɗan boko, yi lissafin da kanka." Na yi. Miliamfiya 120 sau awa 24 ya ba ni kusan 2.9 na ma'aunin da ake rubuta Ah a jikin batir, a kwana tara kuma ya kama wajen 26. Batirina an rubuta masa 60, amma ya shekara biyu yana shan zafin Kano, kuma zafi yana cin batir fiye da yadda mutane suke zato, saboda haka babu shakka abin da yake iya riƙewa ya yi ƙasa da abin da aka rubuta sosai. 'Yar fitilar da ban ɗauke ta a bakin komai ba ita ta shanye mini fiye da rabin abin da ya rage.

Mutuwar batirin ba ita ce ta fi tayar wa dattijon hankali ba. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya zaro wayar da yaron ya sa, sai ya miƙo mini ya ce in taɓa. Robar jikinta ta yi laushi ta naɗe a wuri biyu, kamar ledar da aka kusantar da ita ga garwashi. Ya tambaye ni ko na taɓa jona wani abu mai nauyi, na ce na yi amfani da famfon iskar taya sau uku ko huɗu. Irin wannan famfo yana iya jan amfiya 10 ko fiye, wayar kuwa irin ta sifika ce. Abin da ya fi muni shi ne yaron ya naɗa ta a ƙafar fiyus ta ɓangaren da wuta take shigowa, wato kafin ta ratsa fiyus ɗin, sannan ya zare fiyus ɗin soket na asali, don haka tsakanin soket ɗina da batir babu abin da ya rage sai babban fiyus na cikin bonet, wanda ba zai yanke ba sai wuta mai yawan gaske ta bi ta kansa. Kafin a kai nan siririyar wayar ta riga ta yi ja. Ya ce da ni, "Mutane suna zaton fiyus caja yake karewa ko rediyo. Waya yake karewa, don kada ta zama ita ce fiyus ɗin." Na tuna watanni biyun da motar take kwana a cikin gida, kusa da tagar ɗakin yara, da wuta a wannan waya dare da rana, sai jikina ya yi sanyi.

A nan ne bambancin soket mai bin makulli da marar bin makulli yake da nauyi. Idan wani abu ya haɗu a cikin soket mai bin makulli, direba yana zaune a wurin, zai ji ƙauri ya kashe mota. Wanda yake kunne kullum kuwa yana iya haɗuwa da ƙarfe uku na dare babu kowa. Ramin kansa an yi shi ne yadda haɗuwa take da sauƙi, domin ɗigon ƙarfen da ke can ƙasa a tsakiya shi ne mai alamar ƙari, bangon da ya kewaye shi kuma shi ne mai alamar ragewa, faɗinsa kuwa ya ɗan haura santimita 2, wato kwabo ko makulli ko ɗan kunne yana iya faɗawa ya taɓa su biyun lokaci guda. Duk mai yara ya san ba sa ganin rami su ƙyale. Abin kunna sigarin ma, idan ya tsufa ya maƙale a ciki bai fito ba, zai ci gaba da zafi. Nawa dattijon ya zare shi ya jefa cikin akwatin kayansa, ya ce in nemi murfin roba.

Ya gaya mini hanyoyin da ake bi, ban kuma ga dalilin tsayawa a kan biyun farko ba. Wasu suna zare rile ɗin da yake kunna layin su haɗa ƙafa ta 30 da ta 87, wato wadda wuta take fita ta cikinta, da guntuwar waya, wanda yake da sauri, amma sau da yawa rile ɗin ba soket kaɗai yake ciyarwa ba, sai a wayi gari rediyo da madubai duk suna kunne. Wasu kuma suna sayen ɗan abin nan da ake cusawa a gurbin fiyus mai wutar dindindin, wanda yake ɗaukar fiyus biyu, na asali da na sabon layi. Wannan yana da tsabta ga ƙananan abubuwa kamar kyamarar gaban mota, sai dai duk abin da aka ja ta nan yana ƙaruwa ne a kan wayar da aka auna don wani aiki daban, kuma bai kamata a raɓi layin fitilar birki ko na kwamfutar inji ko na balan-balan ɗin kariya ba. Tunda ina so in riƙa amfani da famfon taya, sai muka tsaya a kan hanya ta uku, wato a jawo sabuwar waya daga batir da fiyus ɗinta na kanta.

Ya aike ni kasuwar Ƙofar Ruwa da 'yar takarda: waya ja mai kaurin milimita murabba'i 2.5, gidan fiyus mai murfi, fiyus mai amfiya 15, bututun roba mai ƙwarya-ƙwarya da ake zura waya a ciki, kawunan waya na matsewa, da makunni mai ƙafa uku wanda zai iya ɗaukar amfiya 20. Ya ja mini kunne in kankare bakin wayar da wuƙa kafin in biya, domin akwai wadda ciki alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe, idan aka kankare sai fari ya bayyana, kuma irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, tana kuma saurin karyewa. Launin fiyus ma ba ado ba ne, ƙa'ida ce da ake bi ko'ina: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Na sha ganin direban da shuɗi ya ƙone masa ya cusa kore don kada ya sake ƙonewa, ko ya naɗa zaren waya a gurbin, alhali ƙonewar ita ce aikin da aka sa fiyus ɗin ya yi.

Aikin ya ɗauke shi kusan awa biyu, ina tsaye ina kallo. Ya fara cire agogon hannunsa, sannan ya kwance kan batir mai alamar ragewa da sifana mai lamba 10. Na tambaye shi dalilin fara wannan ɓangaren, ya ce duk jikin mota a haɗe yake da shi, saboda haka idan aka fara da mai alamar ƙari sifanar ta goga ƙarfe, tartsatsin da zai tashi yana iya narka bakinta ko ya ƙona hannu. Ya ɗaura gidan fiyus bai kai taƙi ɗaya daga kan batir ba, domin guntun da ke tsakanin batir da fiyus shi ne kaɗai ba shi da kariya, don haka ake so ya zama gajere iyakar iyawa. Ya zura wayar cikin bututun roba, ya bi da ita gefen da wayoyin mota na asali suka bi, nesa da bututun hayaƙi da bel, yana ɗaurewa duk bayan 'yar tazara. Da ya zo bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota bai huda sabon rami ba, ya bi ta cikin robar da manyan wayoyi suka ratsa, domin wayar da ta kwanta a kan bakin ƙarfe, girgizar hanyoyinmu za ta yanka robarta cikin 'yan watanni. A ciki kuma ya kauce wa sandar sitiyari da fedar birki, ya nuna mini wasu mahaɗai masu launin rawaya ya ce na balan-balan ne, ko testa ba a kai musu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta makunnin mai ƙafa uku. Ya yanke tsohuwar wayar soket, ya kai bakin da ya fito daga makulli ƙafa ɗaya ta gefe, ya kai sabuwar wayar batir ɗaya ƙafar gefen, ƙafar tsakiya kuma ta tafi soket. Ta haka soket yana shan wuta daga ɗayan biyun ne kawai, layukan ba sa taɓa haɗuwa, don haka babu wutar da za ta koma baya ta tayar da rediyo. Idan na danna sama soket yana bin makulli kamar yadda aka ƙero shi, idan na danna ƙasa yana zama a kunne. Duk mahaɗan matse su ya yi da kawunan ƙarfe ya rufe da robar da take tsukewa idan ta ji zafi, bai murɗa waya da waya ya naɗe da solatif ba, domin solatif a zafin Afrilu gam ɗinsa narkewa yake ya warware. Ya mayar da fiyus ɗin CIG da na ajiye a aljihun mota, ya ɗaura kan batir, sai a ƙarshe ya cusa sabon fiyus ɗin. Agogo ya koma sifili, tashoshin rediyo sun goge, injin ma ya ɗan yi rawa a tsaye na kwana ɗaya kafin kwamfuta ta sake daidaita kanta, duk ya riga ya gaya mini haka za a yi.

Makunni yana maganin wanda ya tuna ne kawai, ni kuwa na riga na ga irin mantuwata. Bayan mako biyu na koma aka ƙara mini 'yar na'urar da take yanke wuta idan ƙarfin batir ya sauka, a kan layin batir kafin makunnin. Batirin mota cikakke, idan ya huta, yana nuna wajen bolt 12.6, idan ya sauko 12.2 ya kai kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa tashin mota ya zama sa'a, musamman da sanyin asuba a lokacin hunturu. Idan inji yana aiki altaneta tana ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Mun saita na'urar a 12.2. Batirin tayar da mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan a mayar masa nan take, ba irin na sola ba ne da aka yi don a zuƙe shi a hankali, kuma duk lokacin da aka bar shi ya yi ƙasa sosai ya kwana a haka, wani ɓangare na ƙarfinsa ya tafi ke nan ba zai dawo ba. Na tabbata kwana taran nan sun rage wa nawa kwana.

Cajin waya shi kansa ba shi da nauyi kamar yadda nake tsoro. Waya mai batir 5000 a ma'aunin mAh tana ɗaukar wajen wat 19 na awa ɗaya, wanda idan aka haɗa da abin da caja take ɓatawa ya kama kusan 2 a ma'aunin Ah daga batirin mota. Wayoyi uku ke nan wajen 6, kashi ɗaya cikin goma na sabon batir mai 60. Amma wutar ba kyauta ba ce, altaneta ce za ta biya da safe, ita kuma da fetur take juyawa, kuma wanda tafiyarsa ba ta wuce daga gida zuwa masallaci da kasuwar unguwa ba, ba zai mayar da abin da ya zuƙa ba, kullum batirin zai riƙa kwana da bashi. Ni aikina yana sa ni tuƙin fiye da rabin awa kowace safiya, shi ya sa lissafin yake fita. Da rana ba na barin waya tana caji a cikin rufaffiyar mota, domin zafin da yake taruwa a ciki yana kumbura batirin waya, wayar da ake hangowa ta gilashi kuma gayyata ce ga mai fasa gilashi.

Wani abokina mai sabuwar mota ya ga nawa ya ce zai yi irinsa, na ce ya bi a hankali. A motocin baya-bayan nan kwamfuta ce take kunna soket ta kuma kashe shi, wasu ma tana barinsa na 'yan mintuna bayan an kashe inji, kuma taɓa layin da bai dace ba yana iya hana ta yin barci ta riƙa shan batir da kanta. Da yawansu suna da ɗan ma'auni a kan batir ta ɓangaren alamar ragewa wanda yake ƙirga wutar da take shiga da fita, don haka duk sabon layi a jikin ƙarfen mota ake ɗaura masa wayar komawa, ba a kan batir ba. Ga irinsa na ga ya fi dacewa ya bar na asali yadda yake, a ƙara masa wani soket daban da layinsa.

A makon jiya an sake ɗauke mana wuta kwana uku. A dare na biyu na jona wayoyi huɗu, da asuba na tarar na'urar ta yanke, biyu sun cika, biyu sun tsaya a wajen kashi 70. Na murɗa makulli motar ta tashi a bugu ɗaya. A farkon shekara wayoyi huɗu ba sa kai batirin ga 12.2, saboda haka na riga na tambayi farashin sabo, na kuma ce wa dattijon ya saurare ni ƙarshen wata.